Babbar Rigar Ƙaramin Yaro Ranar Ɗaurin Aure

Duk wanda ya halarci ɗaurin aure a Ƙaurar Namoda ko Shinkafi ko Zurmi zai lura da yara 'yan shekara uku zuwa biyar, sanye da babbar riga da hula, suna biye da iyayensu kamar ƙananan hakimai. Jama'a sukan yi murmushi su wuce. Amma telan da ya ɗinka rigar ya sha wuya fiye da yadda ake zato, gama rigar yaro ba ta babba ba ce da aka rage.

Cikakkun kayan magidanci, watau babbar riga da 'yar ciki da wando, sukan ci kamar yadi goma na shadda. Na yaro kuwa sau da yawa daga ragowar yadin uba ake fid da su, don su fito iri ɗaya, saboda haka in almakashi ya kauce ba sauran abin gyara.

Wuyan riga shi ne matsala ta fari. Kan yaro yana da girma in aka gwada da kafaɗarsa. In tela ya tsuke wuya, kai ba zai shiga ba. In ya buɗa shi da yawa, riga ta riƙa zamewa. Sai kuma aiki. Aska takwas tana bukatar faffaɗan ƙirji, don haka gwanin tela yakan tsaya ga aska biyu, ya kuma sa shafi mai laushi daga ciki, domin zaren aiki yana cin fatar yaro, yaron da riga ta dame shi kuwa tuɓe ta zai yi a gaban kowa. Hannun riga ma ana rage masa faɗi, tun da yaro bai iya ɗaga shi bisa kafaɗa ba.

Inda ake gane tela mai hangen nesa shi ne kalmasa. Yakan bar ninki a ƙafar wando da gindin 'yar ciki, wanda za a warware in Salla ta zo yaro ya ƙara tsawo. A ƙasar Sukotland ma, inda maza suke ɗaura wani zane mai ninki-ninki ranar biki, wanda na babba yakan ci yadi takwas, haka maɗinka suke bar wa na yara wurin ƙari. A ganinmu, uban da ya biya kuɗin ɗinki yana da haƙƙin ya tambayi wannan ninki tun ranar awo.

Wannan yanki ba baƙon tufa ba ne. Tun 1929 jirgin ƙasa ya iso Ƙaurar Namoda yana kwasar auduga da gyaɗa, kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis kuma ta daɗe tana jawo fatake har daga Nijar. Sai dai rashin tsaro ya taɓa sana'ar. A 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako na wani lokaci saboda 'yan bindiga, zirga-zirga kuma ta ragu a kan hanyoyin ƙauyuka. Ga uban da ke ƙauyen Zurmi, kai yaro wurin tela don awo, a koma gwaji, a sake komawa karɓa, tafiya uku ce a kan hanya mai hatsari. Shi ya sa wasu suke aika tsohuwar rigar yaron a madadinsa, tela ya auna ta, ya ƙara yatsa biyu bisa ƙiyasi.