Gudummawar Ilmin Lissafi Wajen Dashen Ƙoda

Kalmar algoridim ta samo asali ne daga sunan Alhawarizmi, masanin lissafin nan da ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9. Abin da take nufi shi ne jerin matakai waɗanda in an bi su daki-daki za a warware matsala. Manufar wannan maƙala ita ce nuna amfanin wannan fanni wajen dashen ƙoda.

Sau da yawa mutum kan yarda ya ba ɗan'uwansa ƙoda, amma jininsu ya ƙi dacewa. Alal misali, ƙodar matar Audu ba ta dace da mijinta ba, amma ta dace da Tanko, ta ƙanen Tanko kuwa ta dace da Audu. To, sai a yi musanye, kowa ya samu. An fara yin haka a Koriya ta Kudu a 1991.

Idan iyalan suka kai ɗaruruwa, hanyoyin haɗa su sukan fi ƙarfin ƙidayar mutum. A nan ne kwamfuta ke auna su, ta zaɓo tsarin da majinyata mafi yawa za su amfana. Akan taƙaita musanyen tsakanin iyalai biyu ko uku, domin a lokaci guda ake yin fiɗar, gudun kada wani ya janye bayan nasa ya karɓa. Alvin Roth na Amurka, wanda ya samu lambar Nobel a 2012, yana cikin waɗanda suka tsara wannan hanya.

Sai dai kuma likitoci ne ke gaya wa kwamfuta wanda za ta fifita, ko ƙananan yara ko waɗanda suka daɗe suna jira.