Yawo a tafkin Madarunfa da kaka: abin da mai ziyara zai tarar

Da zarar damina ta ɗauke, wajen watan Oktoba, tafkin Madarunfa yakan cika maƙil da ruwa. A lokacin ne shigarsa ta fi daɗi, kuma babu nisa: kimanin kilomita 25 ne kudu da Maraɗi.

Sai dai kada a sa ran jirgi mai ɗakunan kwana irin na Turai. Kwale-kwalen masunta ne, ana daidaita kuɗi da mai shi a bakin ruwa, kuma ba kasafai ake samun rigar ceto ba. Wanda ya ga an yi wa jirgi lodi fiye da kima, gara ya jira na gaba. Yara a zaunar da su tsakiya, a kuma hana su wanka saboda tsargiya.

Daga cikin ruwa za a ga masu jefa birgi suna kamun karfasa da tarwaɗa, da tsuntsayen da suke gudo wa sanyin Turai. A kewayen tafkin akwai kaburburan waliyyai 99, waɗanda tun 2006 suke cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO.

Ya kamata a kamo hanyar gida kafin magariba, saboda sauro da kuma matsalar tsaro a ƙauyukan iyaka.