ARO BA YA ƁATA ZUMUNCI: ABIN DA NA GANO A JIBIYA

 Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ko da yake in kun yi haƙuri za ku ga soyayyar ta leƙo. Labarin wani injin ban-ruwa ne da ya kusa wargaza auren da har an kai kuɗin gaisuwa.

Ina da goggo a Jibiya, can nake zuwa hutu tun ina sakandare. Ga wadda ba ta san garin ba, yana daf da iyakar Nijar ne, in kika wuce shingen Magama sai Ɗan Isa, daga nan sai Maraɗi. Mutanen nan da na tsallake kusan dangi ɗaya ne, ana auratayya, ana cin kasuwar juna. Tun da aka kammala madatsar ruwa a kan gulbin Gada a 1989, noman rani ya zauna da gindinsa a yankin. Maza na lambu da tumatir, albasa da tattasai, mata kuma a bayan ɗaki ba a rasa zogale, yakuwa da alayyahu.

To shi lambu ba ya yiwuwa sai da kayan aiki, kuma ba gidan da ya haɗa su duka. Wannan na da fartanya da sungumi, wancan na da baro da shebur, wani manjagara, wani injin feshi. Kullum za ki ji yaro ya yi sallama, "Wai in ji Inna a ara mata gatari." Haka muka taso muka gani, kamar yadda iyayenmu ke gayya a gona.

Mijin goggo da ya rasu, babban abin da ya bar mata shi ne injin ban-ruwa, da shi yaranta ke aikin lambun da suke ci. A ƙarshen watan Yuli na 2023, damina ta yi nisa, injin na kwance, sai maƙwabciyarta kuma aminiyarta, wata Hajiya da aka auro daga Maraɗi, ta aiko ɗanta aro. Wannan ɗan kuwa shi ne ke neman auren ɗiyar goggo. Wa zai tsaya tambayar suruki ina za ka da shi, yaushe za ka dawo da shi? Ashe gidan kawunsa na Ɗan Isa ne ruwa ya ci, ya ɗora injin a mota ya kai, da niyyar ya ɗauko bayan mako guda.

Ana cikin haka sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum ran 26 ga Yuli, kwanaki kaɗan aka garƙame iyaka. Injin goggo ya kwana a wata ƙasa! Hanyoyin daji dai akwai su, amma wa zai saɓi inji ya bi daji a wannan zamani na 'yan bindiga? Yaron kuma kunya ta hana shi faɗin gaskiya, kullum sai "gobe in Allah ya yarda."

Da sanyi ya shigo, kowa ya kama ban-ruwa, yaran goggo sai guga da bokiti, rabin albasarsu ta ƙone. Nan fa 'yan tsegumi suka samu abin yi, wai ai sayar da shi ya yi ya haɗa lefe. Goggo ta rantse ba ta ba ɓarawo ɗiya. Hajiya ta ce ita ma ba a kira ɗanta ɓarawo ta sake taka gidan. Aminan shekara 20 suka koma ko gaisuwa babu. Ita ko amarya, Allah sarki, in dare ya yi sai dai in ji shessheƙarta a bayana.

Sai a watan Maris na 2024 aka buɗe iyaka. Ran nan da la'asar sai ga inji a ƙofar gida, an wanke shi tas, ga Hajiya a biye. Ta durƙusa ta ce, "Yaya, ki yafe mana, laifinmu ne da ba mu faɗa miki ba." Goggo ta fashe da kuka ta ce, "Haba Hajiya, ni ce da neman gafara, na zargi yaron nan a kan abin da ban gani ba." Wallahi ni ma ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba.

Bayan biki, matan layin suka zauna a tsakar gidan goggo. Wata ta ce ita ta daina ba da aro, ai dama zanen aro ba ya rufe katara. Sai wata malamar Islamiyya ta tunatar da mu cewa malaman tafsiri sun fassara abin da Suratul Ma'un ta zargi masu hana shi da irin su gatari, tukunya da guga. Ta ce ba aron ne ya haɗa faɗa ba, nauyin baki ne: an bayar ba a sa rana ba, an karɓa ba a faɗi inda za a kai ba.

Nan na ba su labarin abin da na taɓa karantawa, cewa a garin Berkeley na Amurka tun 1979 laburaren gari ke ba da aron kayan aiki kamar yadda ake aron littafi, a rubuta sunanka da ranar mayarwa. Goggo ta yi dariya ta ce, "'Yar nan, ai wannan gayya ce da adashi aka haɗa, littafi kawai suka fi mu."

Ga abin da suka tsayar. Shagon zauren goggo shi ne ɗakin aro. Kowace ta kawo abin da za ta iya, a ɗiga masa jan fenti a ƙota don kada ya saje da na wani. Ƙananan kaya kwana 3 ne, inji kuwa yini guda, mai aro ya zuba mansa. Duk mako kowane gida zai ba da N200 na gyara da kai wa maƙeri. In abu ya lalace a hannunki, ki faɗa ran nan, ba faɗa ba gori. Sannan babbar doka: ba abin da zai tsallaka iyaka sai an sanar da mai shi.

Littafin fa? Wata yarinya 'yar aji 5 aka damƙa wa, ita ke rubuta suna, kaya da rana. Kuma da yake ita yarinya ce, in ta je tuni ba wanda ke jin an ci masa fuska, ai littafi ne ya yi magana.

Ba zan ce muku komai ya daidaita ba. Har na baro garin ana ta muhawara a kan wadanda ba sa biyan kuɗin mako, ga burinsu na sayen injin feshi na kowa da kowa bai cika ba tukuna. Amma dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sun kuwa ɗauko hanya.

Ke 'yar uwa, ki duba layinku. Wa ke da turmi, wa ke da baro, wa ke da keken ɗinki? Littafin rubutu guda da biro sun isa ki fara. In kin ara, ki faɗi inda za ki kai da ranar da za ki mayar, in matsala ta faru kada kunya ta sa ki yi shiru. Allah ya bar mu da maƙwabtanmu lafiya, ya kawo mana zaman lafiya a iyakokinmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.