Bala Usman, malamin da ya bi sawun sarautar Katsina har Maraɗi

Kowa a Maraɗi ya san ana kiran sarkinmu Sarkin Katsina, amma kaɗan ne suka karanta mutumin da ya bi diddigin wannan sarauta. Dokta Yusufu Bala Usman, haifaffen Musawa a 1945, ya yi karatu a Ingila, ya koyar da tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya har rasuwarsa a 2005. Littafinsa na 1981 ya bi Katsina daga 1400 zuwa 1883, zamanin da zuriyar Korau suka rasa birnin a jihadi, Ɗan Kasawa ya kafu a nan. Ya ƙi yarda a ce faɗan Hausawa da Fulani ne kawai. A ganinsa rikici ne tsakanin masu sarauta, malamai, fatake da talakawa. Yau da ƴan bindiga ke addabar ƙauyukan iyaka wajen Madarunfa, waccan fassarar ƙabilanci ta fara dawowa bakin mutane.