Kwalin Shayi Ba Ado Ba Ne

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin masu haɗa kayan shayi a garuruwanmu, musamman 'yan'uwanmu mata da suka rungumi wannan sana'a a Kano da Zariya da Maraɗi. Cewa suke yi haja mai kyau ita take sayar da kanta. In dai citta ta ji, kanumfari ya isa, na'a-na'a ta bushe a inuwa, to a ƙulla a farar leda ko a zuba a roba, a manna lambar waya, shi ke nan. Kuɗin da za a kai wa mai zane da maɗaba'a ɓarna ce a ganinsu, kuma a kan mai saye za ta ƙare. Ina girmama masu wannan ra'ayi, don yawancinsu sun fi ni sanin ganye, kuma suna da gaskiya ta wani ɓangare: sau da yawa akan buɗe kwali mai sheƙi a tarar da ƙura a ciki. Sai dai sun ɗauki kwali a matsayin kwalliya, alhali aikinsa na farko tsaro ne.

Busasshen ganyen shayi yana zuƙar danshi, yana kuma zuƙar warin duk abin da aka ajiye kusa da shi. Haske da iska suna kashe masa ƙamshi a hankali. To a duba inda hajar take kwana bayan ta bar hannun mai ita: shagon tireda, kusa da sabulu da omo da maganin sauro, wani lokaci da galan ɗin kananzir a ƙarƙashin kanta. Ga rana tana dukan roba tun hantsi. In damina ta sauka, siririyar leda ba ta hana ganye yin laushi. Ita kuwa robar nan mai garai-garai da ake yabo, wai don mai saye ya ga abin da zai saya, ita ce take buɗe wa haske ƙofa. Wanda ya sha irin wannan shayin ya ji salam, ba zai zargi mai shago ba. Mai haɗin zai ce ba ta iya ba. Shi ya sa ganyen da ake nomawa a Kakara, kan tsaunin Mambila a Jihar Taraba, da wanda ake shigowa da shi daga Kenya ko Sin, suke isowa a rufe. Abin da ake bukata shi ne rufin ciki mai alminiyam da aka like bakinsa, sannan kwali ko gwangwani a waje.

Aiki na biyu amana ce. A Ingila ta ƙarni na 19 ana auna shayi ne daga akwati, kuma algus ya yi yawa, har da busar da ganyen da aka riga aka dafa a sake sayarwa. John Horniman, wanda ya fara kasuwancinsa a 1826, ya yi suna ne saboda sayar da shayi a fakiti rufaffe. Thomas Lipton, ɗan tireda daga Gilasgo, ya sayi gonakin shayi a Silon, wato Siri Lanka ta yau, a 1890, ya riƙa ƙunshe ganyen a fakitin kwata da rabi da laba guda. Yau ko yaron da bai shiga makaranta ba, in aka aike shi, ya san kwalin Lipton ɗin nan mai ruwan ɗorawa da jan tambari.

Inda ra'ayin cewa haja ita take sayar da kanta ya fi cutar da masu shi shi ne idan haɗin ya wuce ɗaya. Mace tana da na citta, na zoɓo, na zogale, da na girfa da kanumfari, amma duk a roba iri ɗaya, ko kuma kowanne da zanensa daban kamar ba gida ɗaya suka fito ba. Na farko yana sa a ɗauki na zogale a maimakon na citta. Na biyu yana sa wanda ya ji daɗin ɗaya bai san sauran nata ba ne. Gyaran ba shi da wuya: suna da tambari su zauna wuri ɗaya a kowane kwali, rubutu iri ɗaya, launi kawai ke canzawa, ja ga zoɓo, kore ga zogale, a kuma zana abin da ke ciki saboda wanda ba ya karatun boko. Koren shayin Sin da ake dafawa a ƙaramar buta a Agadas da Damagaram ya nuna amfanin alama tsayayya: lambobi irin 41022 da 9371 da 3505 da ke jikin kwali suna faɗa wa dillali irin ganyen da darajarsa tun bai buɗe ba. Kuma shayin yana zuwa har a ɗan kwalin giram 25, daidai aljihun mai sayen na yau.

Sai doka. A Najeriya, hukumar NAFDAC tana bukatar a rubuta abubuwan da aka haɗa, da nauyi, da ranar yi da ranar ƙarewar wa'adi, da adireshin mai yi, da lambar rajista. In babu su, manyan kantuna ba za su karɓa ba, komai daɗin haɗin. Ni dai zan ƙara da cewa a yi bayanin dafawa da Hausa, a kuma daina jera cututtuka a jikin roba ana cewa shayin yana maganinsu. Irin wannan iƙirari ya fi komai zubar da ƙimar haja a idon mai hankali.

Batun tsada gaskiya ne, amma ba a ce sai an fara da gwangwani mai ruwan zinare ba. Jakar alminiyam mai zif da takardar manne guda mai launi biyu sun isa a fara. 'Yan'uwa masu wannan sana'a, kafin ku ƙara wani sabon haɗi, ku ware kuɗin rufi da zane a cikin lissafin jari, kamar yadda kuke ware na citta da kanumfari.