Taki A Gona Albarka Ne, A Rijiya Kuwa Cuta

Ƙasar Batsari da Safana, a yammacin Jihar Katsina, gab da Dajin Rugu, ƙasa ce ta noma da kiwo. Rogon Batsari ma sunansa ya kai nesa. Amma yawancin ƙauyukan nan ruwan shansu daga ƙasa ya ke fitowa, wato rijiya, da burtsatse, da idon ruwa, da ramukan da a kan tona cikin yashin rafi da rani. Ƙarƙashin ƙasar kuwa dutse ne, ruwan yana kwance cikin tsagoginsa da ruɓaɓɓen bayansa. Inda bai yi zurfi ba, abin da aka zubar a sama ba ya daɗewa sai ya iske shi.

Fitsari, da bayan gida, da kashin dabbobi, da takin zamani irin su yuriya, duk suna ɗauke da wani sinadari, naitirojin. In ya shiga ƙasa sai ya rikiɗe ya zama naitiret, abincin da ke sa dawa ta yi kore shar. To, wanda saiwa ba ta kama ba, ruwan damina ke janye shi ƙasa. Ƙasa ta kan tace ƙazanta da yawa, amma shi wannan wucewa ya ke yi. Ba shi da launi, ba shi da wari. Tafasa ruwa ba ta kashe shi, sai ma ta ƙara masa ƙarfi.

Jarirai su ya fi yi wa lahani. A 1945 wani likita a Jihar Iowa ta Amurka, Hunter Comly, ya gano ruwan rijiyar gona ne ya sa jikin waɗansu jarirai ya yi shuɗi-shuɗi, don jininsu ya kasa ɗaukar iska. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka iyaka, kada ya wuce miligiram 50 cikin lita guda. Nijeriya ma ta ɗauki wannan ma'auni a 2007. Likitoci kuma suna cewa a bar jariri kan nonon uwa zalla har wata shida.

Maganin abin ba mai tsada ba ne. Mai haƙa salga ya nisanta ta daga rijiya kamar mita 30, wato wajen ƙafa 100, ta gefen gangare, gindinta kuma ya tsaya mita 2 sama da ruwa. Turken shanu da juji su ma a yi nesa da su, a kwashe takinsu a kai gona kafin ruwa ya sauka. A daɓe bakin rijiya da siminti, a yi mata murfi. Ruwan wanka da na wanke-wanke a ja masa kwata zuwa gindin ayaba ko gwanda, su shanye. Takin zamani kuma a raba shi kashi biyu, a riƙa binnewa gindin shuka, kada a watsa lokacin da hadari ya haɗo.

Inda a ke shakkar rijiya, masu unguwa su nemi ma'aikatan Hukumar Ruwan Sha da Tsaftar Karkara ta jiha a auna ruwan. Rijiya in ta ɓaci, yasa kaɗai ba ta gyara ta, gama ɓarnar tana cikin jijiyar ruwan, sai an yi shekaru kafin ta wanke. Manomin da ya tare takinsa a gona ya ci riba biyu, ga rumbu cike, ga ruwa mai kyau a randa.