Ina Ƙarfin Jiki Yake Fitowa? Rarrabe Gaskiya da Jita-jita

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a Samaru lokacin da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ke fama da jarrabawa, ko ya tsaya a bakin kemis a Sabon Gari da la'asar, sa'ad da 'yan dakon kasuwa ke tashi daga aiki, lalle ya ji zantuttuka iri-iri game da abin da ke ba mutum ƙarfi, waɗansu masu hujja, waɗansu kuwa shaci-faɗi ne kawai. Kafin a yanke musu hukunci, wajibi ne a san asalin mas'alar.

Tuwon dawa, idan ciki ya narkar da shi ya koma sukari, jini ne ke raba shi ga ƙwayoyin halittar jiki, waɗanda Allah cikin hikimarsa ya sanya wa galibinsu 'yan ƙananan murahu da masana ke kira mitokondiriya, inda sukarin ke ƙonewa da iskar oksijin sannu a hankali, ba harshen wuta, ba hayaƙi, har ƙarfi ya fito, a bar ruwa da iskar da muke fitarwa in mun numfasa. Lavoisier na Faransa ne ya nuna a shekarun 1780 cewa numfashi wani nau'in ƙonewa ne, sa'an nan Hans Krebs ya bayyana matakansa a Ingila cikin 1937.

To, masu cewa ƙwayar bitamin tana ba da ƙarfi sun kama gefen gaskiya sun saki tsakiyarta, domin bitamin mataimaki ne wajen hura wutar, amma shi kansa ba itace ba ne, wanda kuwa ya sha shi da yunwa, da yunwarsa zai kwana. Haka nan masu zuwa kemis su nemi a ɗaura musu ƙarin ruwa don gajiya: ledar rabin lita mai sukari kashi 5 cikin 100 giram 25 kaɗai ke cikinta, watau abin da bai wuce kalori 100 ba, alhali malmalar tuwo guda ta fi haka nesa ba kusa ba. Ƙarin ruwa magani ne ga wanda likita ya ga yana bukata, ba ya maye gurbin akushi.

Batun cewa ƙiba tana narkewa ta fita ta gumi, shi ma bai inganta ba. Cikin kilo 10 na kitsen da jiki ya ƙona, kimanin kilo 8.4 ta huhu yake fita a matsayin iska, sauran ya zama ruwa. Mai lulluɓe jiki da leda yana gudu a rana, ruwan jikinsa yake zubarwa, da ya sha kuma nauyin ya dawo.

Amma zance biyu tabbatattu ne. Ƙarancin jini yana kawo kasala, domin jini ne mai dakon oksijin zuwa murahun nan. Gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki kuwa yana kisa, domin gubar da ke cikin iskarsa, wadda ba ta da wari, tana kama gurbin oksijin a cikin jini, mutum ya wuce cikin barcinsa. Saboda haka, ya mai karatu, idan hunturu ya kama, ka fitar da kaskon wuta waje kafin ka kwanta.